Kitse ya fito wa Babanmu a harshe, an ce sai tiyata, don Allah wa ya san abin nan?

Maman Ihsan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wurin masu ilimin lafiya da duk wanda ya taɓa ganin irin wannan, don wallahi kanmu ya ɗaure a gida.

Mahaifinmu ne, shekarunsa 58, wani ƙululu ya fito masa a gefen harshe ta hagu, shi ya ce ya kusa shekara biyu yana jin sa amma bai faɗa wa kowa ba tunda baya masa ciwo, kun san halin iyayenmu maza, abu in bai kwantar da su ba to ba ciwo ba ne. Mu sai kwanan nan muka lura da maganarsa ta fara nauyi kaman mai wani abu a baki, kuma in yana cin tuwo sai ka ga ya tsaya ya runtse ido ashe cizon wurin yake yi. Da Umma ta matsa masa ya buɗe baki na haska da tocilan ɗin waya, abin ya kai girman goro, sumul yake ba gyambo ba jini ba ruwa, in ka duba da kyau akwai ɗan launin ruwan ɗorawa a ƙarƙashin fatar, na sa hannu na taɓa laushi ne da shi tuɓus, ya ce ko kaɗan baya jin zafi.

Mun kai shi babban asibitin garinmu likitan ya duba ya ce yana kyautata zaton kitse ne ya taru, ya kira sunan lipoma, ya rubuta mana takarda mu je asibitin koyarwa wurin likitocin tiyatar baki. Toh daga nan rigima ta fara. Kawunmu ya ce babu wani kitse, yaushe aka taɓa jin kitse a harshe, wai a kira wanzami ya yi masa sakiya ruwan ya fita a huta, wata gwaggonmu kuma ta ce jifa ne saboda Baba yana jan sallah a masallacin unguwa kuma yana da ɗalibai, wai baki aka nufa a rufe masa. Shi kuwa Baba abu ɗaya ne tsoronsa, kar a taɓa masa harshe ya kasa karatu, don yanzu ma ya ce harafin lodi ya fara ba shi wahala tunda daga gefen harshe yake fita, kuma wallahi ranar da ya faɗi haka sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Tambayata, da gaske kitse yana fitowa a harshe? Baba siriri ne fa, ko tumbi ba shi da shi. In ya daina cin mai da nama zai narke da kansa? Kuma ya za a yi mu tabbatar ba ciwon daji ba ne ake ɓoye mana?

Abu Sumayya

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Malam lafiya ya sa kaffara ne, amin. 'Yar'uwa a dage da addu'a da tofi, sannan a haɗa masa zuma da habbatus sauda da ruwan tsamiya da safe kafin ya ci komai, ana cewa suna rage kitse a jiki. Amma ni dai ban goyi bayan a sa masa aska a harshe ba gaskiya, ku bi takardar da likita ya ba ku.

Likita_Maxfax

Wa alaikumus salam Maman Ihsan, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba Baba lafiya. Ina aiki a ɓangaren tiyatar baki da muƙamuƙi, ban ga Baba da idona ba don haka ba zan yanke hukunci daga nan ba, amma yadda kika siffanta abin, laushi, rashin ciwo, girma a hankali a hankali, fata sumul da launin ruwan ɗorawa, ya yi daidai da abin da likitan farko ya zata.

Eh kitse yana fitowa a harshe, kawai dai ba kasafai ba ne shi ya sa Kawu bai taɓa ji ba kuma ban ga laifinsa ba. Lipoma ƙari ne na ƙwayoyin kitse, kuma shi ne ƙarin da ya fi kowanne yawa a cikin naman jikin ɗan Adam, kin sha ganin mutane da shi a gadon baya ko kafaɗa ko ƙeya ko dantse, wani ƙululu mai laushi da yake zamewa in an danna, mutum ya shekara ashirin da abinsa. A cikin baki ne yake da wuyar samu, duk ƙarin da ba na daji ba da ke fitowa a baki lipoma bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, a hakan ma ya fi zama a cikin kunci, harshe yana biye. Dalili kuwa harshe kusan dukkansa tsoka ce, tsokoki takwas ne suke sarrafa shi, kitsen da ke tsakaninsu kaɗan ne. Shekarun Baba ma su ne shekarun da aka fi ganinsa, daga 40 zuwa 60.

Maganar rama ko ƙiba ba ta da alaƙa yadda kike tunani. Wannan kitsen ba ya bin dokar sauran kitsen jiki, ko mutum ya yi azumi ya rame ƙashi da fata shi yana nan daram, wani lokacin ma sai ya fi fitowa fili. Don haka don Allah kar a hana dattijo nama da mai a wahalar da shi a banza. Malam Abu Sumayya zuma da habbatus sauda ba za su cutar da shi ba in dai ba shi da ciwon suga, addu'a kuwa dukkanmu muna buƙata, amma babu wani abin sha ko na shafawa da yake narkar da lipoma, wannan ina so ya zauna a zuciyar kowa a gidan don kar a ɓata wata shida ana jiran ya sace.

Yanzu ga inda nake so ki natsu. Kitsen harshe ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda yake dunƙule a cikin wata siririyar jaka tasa, an tsaga fatar sama kaɗan sai ya ɓullo ɗungurungum, a ɗaga shi a cire a ɗinke, wannan shi ne mafi yawa kuma da wuya ya dawo. Akwai wanda ba shi da jaka, ya kutsa tsakanin zaren tsokar harshe ya cakuɗa da ita, shi wannan cire shi ya fi buƙatar haƙuri kuma ya fi yawan dawowa in an bar saura, sai an riƙa bibiya. Sai na uku da ya fi su duka wuyar samu, inda ba ƙululu ɗaya ba ne, kitsen ne yake yaɗuwa a gefen harshe hagu da dama lokaci guda har harshen ya cika baki. Hoton MRI, wato hoton cikin jiki da wata na'ura take ɗauka a asibiti, shi ne yake bambance su kafin a shiga tiyata, saboda kitse yana da hasken da yake bayarwa a hoton wanda ba ya ɓuya, kuma yana nuna iyakarsa da zurfinsa. In kuɗin MRI ya yi nauyi ku faɗa wa likitan kai tsaye, wani lokacin sikanin na ultrasound ko CT yana taimakawa.

Batun daji, ba wanda zai ɓoye muku. Ciwon dajin harshe da muka fi gani siffarsa daban ce, gyambo ne da ya ƙi warkewa sama da sati uku, gefensa da tauri in ka taɓa, yana jini yana wari, ga ciwo har cikin kunne ga kaluluwa a wuya, kuma ba ya shekara biyu yana zaune lafiya, ya fi kama masu taba da giya. Abin da kika faɗa bai yi kama da shi ba alhamdulillah. Sai dai akwai wani dajin na ƙwayoyin kitse da ake kira liposarcoma, yana da matuƙar wuyar samu a harshe, amma mai sauƙin cikinsu yana iya yin kama da lipoma a ido har ma a hoto. Abin da yake raba gardama shi ne a kai abin da aka ciro ɗakin gwaji a yanka shi siri-siri a duba a madubin likita. Shi ya sa ni a wurina cire shi ya fi barinsa alheri, ga sauƙin cin abinci da magana, ga kuma tabbaci a rubuce.

Sakiya kuwa don girman Allah a'a. Babu ruwa ko mugunya a ciki da za su fita, kitse ne daskararre.

Ɗan Magajin Aska

Salamu alaikum. Yaya Maman Ihsan ni gidan wanzamai na tashi, kakana da mahaifina duk sana'arsu kenan ni ma na riƙe zabira kafin na koma kasuwa, don haka ki karanta wa Kawu wannan ki ce ɗan wanzami ne ya rubuta.

Sakiya ana yin ta ne ga maruru ko kumburin da ya nuna ya tara mugunya, wanda in ka taɓa za ka ji zafi rau kuma mai shi baya barci saboda zogi. Abin da ya shekara biyu ba zafi ba zogi ai bai tara komai ba, me za a sake? Mahaifina Allah ya jiƙansa yana yin kaciya yana ƙaho yana cire beli, amma akwai wani bawan Allah da aka kawo masa daga ƙauye da kumburi a ƙasan harshe, ina tsaye ina riƙe da kwanon ruwa, ya sa shi ya ɗaga harshen ya nuna min jijiyoyin nan biyu masu duhu da suke kwance a ƙasa ya ce ka gani, nan in aska ta kuskure babu tsumman da zai tsayar da jinin kuma ba wurin da za ka ɗaure, ya mayar da askarsa cikin zabira ya ce su tafi asibiti, har kuɗin mota ya ƙara musu. Mutanen sun yi fushi a lokacin suna ganin ya raina su ne.

Duk wanzamin da ya ce zai tsaga harshen dattijo a zaure to bai gaji sana'ar ba, kuɗin kawai yake so. Allah ya ba Malam lafiya ya mayar da shi kan buzunsa.

Hajiya Ummi

Ƙanwata kwantar da hankalinki, maigidana an yi masa irin wannan, nasa a gefen dama ne wajen tsakiya. Shi ma haka ya yi ta ɓoyewa har sai da ya fara tauna gefe ɗaya. Ranar aikin ni na fi shi tsoro wallahi, ina zaune a benci ina ta jan carbi, ban ankara ba aka ce an gama. Nasa da yake bai yi zurfi ba allurar kashe wurin kawai aka yi masa ba a sa shi barci ba, amma sun ce da ya fi haka girma ko ya yi can baya sai an sa shi barci.

Nas ta fito da abin a cikin wata 'yar roba mai murfi da ruwan magani a ciki, rawaya ne sumul yana ta yawo a saman ruwan bai nutse ba, ta ce haka kitse yake yi. Mu muka kai shi ɗakin gwaji da kanmu muka biya. Nan ma sai da aka yi ja-in-ja don yayarsa cewa ta yi a ba mu mu je mu binne tunda naman jikin mutum ne, na ce a'a sai an duba tukuna, kuma ki shirya ma wannan maganar don za ta taso a gidanku.

Kwanakin farko kam ba daɗi ba zan yi miki ƙarya ba, harshen ya kumbura magana ba ta fita sosai ga yawu, kunu mai sanyi da yogot da fura da aka dama ruwa-ruwa kawai yake iya sha, aka hana shi yaji da shayi mai zafi, aka ce ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri bayan kwana ɗaya da aikin. Zaren da aka ɗinke shi da shi mai narkewa ne ba a koma cirewa ba. Kafin sati biyu ya koma cin tuwonsa, maganarsa ma ta fi da fita don abin da ke tokare masa ya tafi. Sakamako ya fito aka ce kitse ne zalla. Ki faɗa wa Baba harshe yana saurin warkewa fiye da yadda ake zato.

Maman Ihsan

Wallahi na gode ƙwarai da gaske, Allah ya saka muku da alheri ya jiƙan mahaifinka Ɗan Magajin Aska, na tura wa Kawu saƙonka ta WhatsApp ya saurara an karanta masa ya yi shiru, a wurin Kawu shiru ma ci gaba ne.

Likita maganarka ta iri na uku ta tsaya min a rai, jiya da daddare na sake sa Baba ya buɗe baki na duba ɗaya gefen, ni dai a idona kaman gefen dama ma ya ɗan yi kauri amma ba ƙululu kaman na hagu ba, kuma akwai shatin haƙora a gefen harshen duka biyu. Umma kuma ta ce minsharinsa ya ƙaru sosai a shekarar nan har wani lokacin kaman numfashin ya tsaya sai ya zabura. Na je na bincika a intanet na ga ana danganta irin wannan da shan giya, raina ya ɓaci matuƙa, Baba ko sigari bai taɓa riƙewa ba balle wannan, ina tsoron kar mu je a yi masa wannan tambayar a gaban mutane ya ce ya fasa.

Likita_Maxfax

Madalla da kika duba, wannan bayanin yana da amfani sosai kuma ki faɗe shi da bakinki ranar da kuka je, musamman na minsharin, don Baba da kansa ba zai faɗa ba tunda yana barci abin yake faruwa.

Abin da kika karanta akwai gaskiya a ciki amma ba duka ba ne. Akwai wata lalura da wani likitan tiyata Bajamushe mai suna Otto Madelung ya yi bayaninta a 1888, har ake kiranta da sunansa, inda kitse yake taruwa hagu da dama daidai wa daida a wuya da ƙeya da kafaɗu, an fi ganinta a maza masu matsakaicin shekaru a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, kuma yawancinsu suna da tarihin shan giya mai yawa. Wanda yake kama harshe kaɗai wasu likitoci suna ɗaukarsa dangin wannan ne, da yawa daga rahotanninsa daga Japan suka fito, a dattawa maza. Amma an same shi a mutanen da ba su taɓa kusantar giya ba, don haka ko da ya tabbata shi ne ba zargi ba ne a kan Baba ko kaɗan. Tambayar kuwa kowa muke yi wa, liman da ɗan tasha, ki riga ki sanar da shi a gida cewa ƙa'idar aiki ce, ko ki ja likitan gefe ki ce masa malami ne baya sha, ya isa.

Kuma kar ki yi saurin ɗauka iri na ukun ne. Ƙululu a gefe ɗaya yana iya tura harshe ya matse da haƙoran ɗaya gefen ya bar shati. Sannan in harshe ya ƙara girma gaba ɗaya akwai wasu abubuwan da dole a cire daga lissafi, kaman raunin aikin ƙwayar tairod ta maƙogwaro wanda gwajin jini kawai yake nunawa, da wata lalura da ake kira amyloidosis inda wani sinadari yake taruwa a tsoka ya sa harshe ya yi tauri, da yawan sinadarin girma da yake sa hannu da ƙafa da muƙamuƙi su ƙaru, ki lura ko takalminsa ko zobensa sun matse shi a 'yan shekarun nan. In ma ya zama kitse ne ya yaɗu gefe biyu, ba a cire shi duka don ya cakuɗa da tsoka, rage shi ake yi daidai yadda harshe zai zauna a baki ya samu numfashi da magana, a ci gaba da bibiya.

Numfashin da yake tsayawa cikin barci shi ne dalilin da zan ce kar ku ja lokaci, kuma mai ba da maganin barci a tiyata dole ya san da shi tun kafin ranar. Kafin nan ya riƙa kwanciya ta gefe ba rigingine ba, kuma kar a ba shi wani maganin sa barci daga kemis.

Batun karatu, ku bar Baba ya faɗa wa likitan tiyatar da kansa cewa shi mai jan sallah ne kuma gefen harshe yake buƙata, ba abin kunya ba ne, yana shafar yadda za a tsara tsagar da yadda za a kiyaye jijiyar da ke motsa harshe da wadda ke kawo ji. Ba zan yi alƙawarin cewa washegari zai koma mihrabi ba, za a yi makonni na kumburi, wani yakan ji ɗan dindiris a wurin na wani lokaci, amma barin abin yana girma shi ne ya fi barazana ga lodin da yake kuka da shi. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato duk suna da wannan sashen, ku je wanda aka rubuta muku. Ku tafi da takardar turawar da duk magungunan da yake sha a ledarsu, in yana shan asfirin ko wani mai tsinka jini ko na hawan jini ko na suga a faɗa tun a ganin farko, kar ya daina ko ɗaya sai likita ya ce.

Maman Ihsan

Toh Likita na gode Allah ya ƙara basira. Yana shan na hawan jini da asfirin ɗin nan ƙarami kullum da safe, zan haɗa su duka. Baba ya yarda za mu je ranar Litinin in sha Allah amma da sharaɗin Kawu ne zai raka shi shi ma ya ji da kunnensa, yayanmu zai kai su a mota ni zan same su a can. Hajiya Ummi don Allah in ba damuwa ki turo min ta inbox abubuwan da kuka tanada kafin ranar aikin da yadda kuka yi da kai abin ɗakin gwaji, ina so in fara haɗa kuɗin tun yanzu.